Hajiya Gambo Sawaba: ta ci nasara ne, ko sunan asibiti kawai aka bar mata?

Bazazzagiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna a kan Hajiya Gambo Sawaba. Na lura yawancin matasanmu, har 'yan cikin Zariya, in an ambaci sunanta babban asibitin Ƙofar Gayan ne kawai ke faɗo musu a rai. Ka tambaye su wace ce ita, sai su ce wata 'yar siyasa ce ta da, shi ke nan.

An haife ta a 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, ana ce mata Gambo saboda tagwaye ta biyo. Mahaifinta mutumin Ghana ne da ya zo aiki da hukumar jirgin ƙasa, ya musulunta, mahaifiyarta kuma Banufiya ce. Karatunta bai wuce firamaren Tudun Wada ba. Uba ya rasu tana shekara 10, uwa ta bi bayansa ba da jimawa ba, aka yi mata aure tana shekara 13. Tana shekara 17 ta shiga NEPU, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano, a lokacin da shiga NEPU a Zariya ke iya jawo wa ƙato duka da ɗauri, balle yarinya marainiya. Ta zama shugabar matan jam'iyyar. An ɗaure ta sau 16. Abin da take nema bai ɓoyu ba: a ba matan Arewa ƙuri'a, a sa 'ya'ya mata makaranta, a daina aurar da yara ƙanana, a daina aikin tilas da harajin zalunci.

Ga abin da ke damuna. Ƙuri'ar da ta sha wuya a kanta ba ta samu ba sai 1976, kuma gwamnatin soja ce ta bayar. Ita kanta ba ta zauna a majalisar tarayya ba, ba ta yi minista ba. To a ganinku ta ci nasara ko ba ta ci ba? Ni a wurina ta ci, mu ne muka kasa riƙe abin da ta bar mana. Ina son jin naku.

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya jiƙan Hajiya. Amma in gaskiya za a faɗa, ba gwagwarmayarta ce ta kawo ƙuri'ar nan ba. Shekara 10 bayan rushewar Jamhuriya ta Farko, babu NEPU babu NPC mai mulkin Arewa a da, sojoji suka zauna suka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, suka ce kowa ya yi zaɓe, mace da namiji. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar. Ko da Hajiya ba ta taɓa hawa duro ta yi lacca ba, da haka za a yi, don ba yadda za a yi ƙasa ɗaya ta ci gaba da doka biyu. Jaruma ce, na yarda. Amma jarumta daban, sakamako daban.

Malamin Tarihi:
Ɗan Sabon Gari, ƙasa ɗaya ta yi doka biyu kuwa, kuma ta daɗe a haka. Matan Jihar Gabas sun fara zaɓe tun 1954. Na Yamma suka biyo baya, da farko masu biyan haraji kaɗai. A zaɓen tarayya na 1959 duk matan Kudu sun sami damar jefa ƙuri'a, na Arewa ko ɗaya. Aka sami 'yancin kai a 1960 a haka, aka zama jamhuriya a 1963 a haka, aka yi zaɓen 1964 a haka. Babu wanda ya ce abin ba zai yiwu ba.

Ka kuma duba lissafin. A majalisar wakilai ta 1959 kujeru 312 ne, Arewa na da 174. Da yawan jama'a aka raba kujerun nan, kuma a cikin jama'ar da aka ƙirga har da mata. Wato an ƙirga su wajen karɓo kujeru, an bar su a gida ranar zaɓen wanda zai hau kujerar. Jam'iyyar da ke mulki ba ta da wani dalilin canza wannan tsari, don yana yi mata aiki.

Abin da su Hajiya suka yi shi ne hana maganar mutuwa. A 1956 ta ja mata zuwa ofishin Firimiya Sardauna a Kaduna kan batun ƙuri'a. A shekarar nan Malam Isa Wali ya yi rubuce-rubuce a jarida kan matsayin mace a Musulunci, aka yi ta cece-kuce. Malam Aminu Kano bai daina faɗa a lacca ba. Da soja suka zo sa hannu a 1976, sun tarar da magana ce da aka shekara fiye da 20 ana yin ta da Hausa, a bakin Musulmi 'yan Arewa, ba wadda za a ce baƙi ne suka shigo da ita ba. Shi ya sa ba a yi tarzoma ba, mata suka fito suka yi layi.

Ɗan Sabon Gari:
Malam, na karɓi batun kujeru 174, wannan hujja ce mai nauyi. Amma har yanzu ina ganin muna ɗora wa mutum ɗaya abin da zamani ya kawo.

Malamin Tarihi:
Ban ce ita kaɗai ba ce. Na ce ita ce ta biya farashin da jikinta.

Hajiya Babba:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, don ni na yi zaɓen 1979, ina da aure da goyo. Ku da kuka taso kuka ga mace na riƙe da katin zaɓe ba za ku gane yadda abin yake ba. A gidanmu sai da aka yi zama a zaure kafin a yarda mu fita. Surukata, Allah ya jiƙanta, tsohuwa ce tukuf, ita ce ta fara ɗaukar mayafi ta ce ko da sanda sai ta je. Ba ta iya karatun boko ba, alamar jam'iyya ta riƙe a kanta. Da muka dawo, ta ce mana matan NEPU da ake zagi a da, ana ce musu marasa kunya, su ne suka jawo mana wannan rana.

Wannan zagin shi nake so ku riƙe. Duka yana warkewa. Amma a ce wa mace karuwa a garinsu, a gaban 'yan uwanta, saboda ta tsaya a dandali ta yi magana, wannan shi ne makamin da aka fi kashe mata da shi. Da yawa sun janye saboda shi. Gambo ba ta janye ba.

Abu Fatima:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ina da ja a nan, kuma ina roƙo a fahimce ni. Mutanen da suka ƙi ba mata ƙuri'a a wancan lokaci ba jahilai ba ne, akwai manyan malamai da alƙalai a cikinsu. Tsoronsu shi ne cakuɗuwar maza da mata a filin siyasa, kuma siyasar lokacin ta sanduna ce da gorori, ga 'Yan Mahaukata, 'yan bangar NPC a Kano, ga martanin samarin NEPU. Wane uba ne zai so 'yarsa a wannan fili? Laifin da aka fara kama Hajiya Gambo da shi a Kano shi ne shiga gidaje tana fito da matan kulle zuwa taro. Mu sa kanmu a matsayin maigidan da aka shiga gidansa ba da izininsa ba. Ina ganin akwai hanyar da ta fi wannan.

Ɗalibar BUK:
Malam Abu Fatima, da girmamawa. Sandunan nan da gororin a kan wa suka sauka? A kanta suka sauka. Ba za a doke mace ba, sannan a ce ga shi nan, siyasa ba ta dace da mata ba saboda ana duka. Wanda ya damu da mutuncin mata sai ya hana dukan, ba ya hana ƙuri'ar ba. An kama ta a Kano tare da mata masu yawa, alƙali ya ɗaure su, daga baya aka kore ta daga Kano gaba ɗaya. An yi mata bulala, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba. Wane littafin fiƙihu ne ya ce a yi wa mace haka?

Sannan matan da ta shiga wajensu ba sace su ta yi ba. Magana ta yi musu, suka ji, suka fito da ƙafarsu. Akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata a makarantarmu da ke ɗauke da sunanta, a garin da aka taɓa korar ta.

Abu Fatima:
Ƙanwata, ban goyi bayan duka ba, kuma ba zan goya ba. Zalunci ne, ko wa ya yi shi. Hanyar nake magana a kai. Ki dubi Nana Asma'u 'yar Shehu. Ta ilimantar da mata ta hanyar jajis da 'yan taru, wato malamai mata masu zagayawa da ɗalibansu mata, ilimi ya shiga ƙauyuka, ba ta yi faɗa da kowa ba. Ki dubi Hajiya Laila Dogonyaro da Jam'iyyar Matan Arewa a 1963, sun yi aiki daga ciki, cikin lalama, sun buɗe makarantu.

Malamin Tarihi:
Allah ya gafarta Malam, Nana Asma'u 'yar Shehu ce, 'yar uwar Sarkin Musulmi Bello, matar Waziri Giɗaɗo. Ƙofar hukuma a buɗe take gare ta, kuma mahaifinta da kansa ya yi kakkausan suka ga mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Gambo marainiya ce 'yar Sabon Gari, ba ta da uba a fada, ba ta da miji a gwamnati. Wace ƙofar ciki za ta ƙwanƙwasa? A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, izinin yin lacca ma a hannun hukumar da kake suka yake. 'Yan dokan nata ne, alƙalin nata ne, gidan yarin nata ne. Wanda ba shi da kowa a ciki, dandali kaɗai ya rage masa.

Ba na rage wa Hajiya Laila komai. Hanyoyin biyu sun yi aiki tare. Masu lalama sun fi samun kunnen hukuma a lokacin da akwai wata a waje da ba ta yin shiru.

Abu Fatima:
Wannan bambancin na matsayi gaskiya ne, Malam. Amma ina nan kan cewa shiga gidan mutum sai da izininsa.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum daga Nijar. Mu ma nan sunan Sawaba ba baƙo ba ne, shi ne sunan jam'iyyar Djibo Bakary da ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, aka haramta ta a 1959, magoya bayanta suka sha ɗauri da gudun hijira. Don haka in mun ji labarin Hajiya Gambo muna jin sa a jikinmu.

Abin da zan ƙara shi ne, ƙuri'a kaɗai ba ta kai mace kujera. Matanmu suna da ƙuri'a tun kafin 'yancin kai, amma a 1991 da aka kafa kwamitin shirya babban taron ƙasa, kusan babu su a ciki. Ranar 13 ga Mayu suka yi maci a Yamai, aka ƙara musu wakilai, ranar ta zama ranar mata ta ƙasa. A 2000 aka yi dokar kaso, kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, daga baya aka ɗaga. Sai da doka ta tilasta kafin jam'iyyu su sa sunan mata a takarda.

Ɗan Nima:
Daga Accra nake gaishe ku. Sunan gidan mahaifinta, Amarteifio, sunan mutanen Ga ne na nan Accra, don haka muna da rabo a cikinta. A 1960 gwamnatin Nkrumah ta yi doka ta musamman, mata 10 suka shiga majalisa a lokaci guda. A zamanin nan 'yar ɗan ƙasarmu tana Zariya tana shan ɗauri don neman a bar ta ta jefa ƙuri'a kawai.

Maman Khalifa:
Ni tambayata daban ce. Me ya sa a Jamhuriya ta Biyu ba ta bi Malam Aminu zuwa PRP ba, ta tafi GNPP ta Waziri Ibrahim? Wannan abin yana ba ni mamaki. Mutumin da kuka sha wuya tare shekara da shekaru.

Ɗan Sabon Gari:
Anti, ba ita kaɗai ba ce. 'Yan NEPU sun watse a 1978, wasu PRP, wasu GNPP, wasu har NPN suka shiga suka zauna da mutanen da suka ɗaure su jiya. GNPP ba ƙaramar jam'iyya ba ce a lokacin, ta ci gwamnan Borno da na Gongola, kamar yadda PRP ta ci Kano da Kaduna. Kuma a GNPP ta kai mataimakiyar shugaban jam'iyya na ƙasa.

Bazazzagiya:
Wannan muƙamin shi ne abin da na fi so a lura da shi. Ba shugabar mata ba, mataimakiyar shugaban jam'iyya, a kan maza da mata duka. Ni abin da na fahimta daga wannan mataki shi ne, ita ba 'yar rakiyar kowa ba ce. Tana girmama Malam Aminu, amma ba a aljihunsa take ba. Tun tana yarinya haka take. Ta ji labarin Funmilayo Ransome-Kuti da matan Abeokuta, waɗanda zanga-zangarsu kan haraji ta sa Alake, sarkin garin, ya sauka daga sarauta a 1949, ta kama hanya ta tafi har can ta same ta don ta ga yadda ake tara mata. Yarinya daga Zariya, mai ilimin firamare, a zamanin da tafiya Kudu ba wasa ba ce. Kuma taken Waziri na siyasa ba da gaba ba, ina ganin zai yi wa wadda ta ɗanɗani gabar siyasa a jikinta ma'ana fiye da kowa.

Maman Khalifa:
To na gane. Amma sai ga shi yau mun koma baya. A mazaɓarmu aikin shugabar mata bai wuce raba atamfa da tara mata a cika fili ranar kamfe ba. A yi anko, a yi guɗa, a ba kowa kuɗin mota. Ranar da za a zauna raba tikiti, da tsakar dare ake yi a gidan wani babba, babu mace ko ɗaya a ɗakin. Na taɓa neman kansila. Ban kai ga zaɓen fid da gwani ba aka aiko manyan unguwa wajen maigidana, wai ya ja mini kunne. Shi bai hana ni ba, Allah ya saka masa. Amma maganganun da aka riƙa yaɗawa a kaina, irin waɗanda Hajiya Babba ta faɗa ne, ba su canza ba ko kaɗan. Yanzu ma abin ya fi sauri, don a Facebook ake yi.

Hajiya Babba:
Sannu 'yata. Allah ya saka miki. Kada ki bari wannan ya sa ki ajiye.

Ɗalibar BUK:
Alƙaluman ma suna goyon bayan Anti. Sai 1983 aka zaɓi mace ta farko a majalisar dattawa, Franca Afegbua, daga tsohuwar Jihar Bendel. Bayan shekara 40, majalisar da aka zaɓa a 2023 mata 4 ne a cikin sanatoci 109. Har yau babu macen da aka zaɓa gwamna a Najeriya. Virginia Etiaba ta riƙe Anambra na 'yan watanni ne daga ƙarshen 2006 saboda an tsige gwamna. Waɗanda suka fi kusa da ci a akwati kuwa 'yan Arewa ne, Hajiya Aisha Jummai Alhassan a Taraba a 2015 da Aishatu Binani a Adamawa a 2023. A watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurorin gyaran tsarin mulki da suka shafi mata, har da na ware musu kujeru.

Ɗan Sabon Gari:
To kin ga kin dawo kan maganata. In bayan duk wannan wuya sakamakon shi ne 4 cikin 109, ina nasarar?

Bazazzagiya:
Ƙanena, ka haɗa abu biyu. Abin da ta nema a zamaninta an samu. Babu ɗan siyasar da zai tsaya yau a Kano ko Sakkwato ya ce a karɓe wa mata ƙuri'a, ko wanda ya fi kowa tsauri a cikinsu ƙuri'ar matan yake bi gida gida. Je ka rumfar zaɓe a kowane ƙauye ka ga layin mata. Wannan ya zauna, ba mai tayar da shi. Abin da bai samu ba shi ne mataki na gaba, kuma wannan ba aikin wadda ta rasu a 2001 ba ne. Namu ne.

Kuma abin da ke tare hanya yanzu ya canza kama. Ita 'yan doka da alƙali ta fuskanta. Maman Khalifa kuɗi take fuskanta da ubangida. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne. Ko an yi wa mata rangwame a kuɗin fom, deliget ba ya rangwame. Marainiya 'yar shekara 17 mai ilimin firamare, in ta shigo siyasar yau da irin bakin Gambo da irin zuciyarta, wa zai ba ta lasifika? NEPU duk talaucinta ta ba ta.

Malamin Tarihi:
Akwai ɓangaren rayuwarta da ba mu taɓo ba. Gidanta a Sabon Gari bai rabu da marayu, marasa lafiya da waɗanda ba su da wurin kwana ba. 'Ya ɗaya ta haifa, amma yaran da ta riƙa ta tarbiyyantar suna da yawa, kuma ba ta tambayar ƙabila ko addini. Ba ta tara dukiya ba. Mutanen Zariya da ba su taɓa halartar laccarta ba ta nan suka san ta, kuma ina ganin shi ya sa zagin da aka yi mata bai kama ta ba a ƙarshe. Maƙwabta sun ga yadda take zaune.

Abu Fatima:
Wannan kam babu ja a cikinsa. Allah ya sa ya zama mata haske a kabari. Ni inda na tsaya: mace ta yi zaɓe, ta yi ilimi, ta wakilci jama'a a majalisa, ban ga laifi ba in an kiyaye iyakokin shari'a. Kujerun da za a ware wa mata ne ban gamsu da su ba, don gwamnoni za su cika su da matansu da 'ya'yansu, irin su Maman Khalifa ba za su gani ba.

Ɗan Damagaram:
Malam, hakan na faruwa, mun gani a nan. Amma mun ga kuma malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da suka shiga majalisa ta wannan ƙofa, waɗanda da ba don dokar ba ko sunansu ba za a rubuta ba.

Maman Khalifa:
Malam Abu Fatima, in tsoronka kada matan gwamnoni su cinye kujerun, to ka zo ka tsaya mini a zaɓen kansila mai zuwa. Ka yi wa manyan unguwa magana, kai za su fi saurara. Fom zan sake saye in Allah ya kai mu.

Abu Fatima:
In kin cancanta kuma maigidanki ya amince, zan yi magana, Hajiya. Ki turo mini abin da kike son yi wa mazaɓar in karanta tukuna.